Hatsin da Malam Ba Ya Gani

Litinin, 15 ga Afrilu 2024
Yau ma bai ci ba. Na kai masa fura, ya juya fuska bango ya ce in ba yara. Na ce sun sha tasu. Ya ce to in ajiye musu ta gobe, don gobe babu.

Tun kafin azumi mijina, Malam Idrisa, ya gaya mini rumbu ya ƙare. Na yi mamaki, don bara damina ta yi kyau, da idona na ga amalanke na kai da kawo daga gona. Amma mace ba ta leƙa rumbun miji. Haka na tarar a gidanmu, haka na tarar a nan Mallawa. Shi ke hawa ya fiddo dami ya ba ni in sussuka. Tunda ya ce babu, to babu. Na sayar da akuyata na auno hatsi a kasuwa. Cikin azumi ban farga da rashin cinsa ba. Yanzu wuyansa ya zama kamar na zakara, kuma tsoro nake ji kar ya mutu a hannuna.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Ya daina fita majalisa. Mutumin da in ya fara gardamar kokawa sai kiran salla ke raba shi da mutane! Na same shi zaune ya karkata kunne. Ya ce, “Ɗela, ba ki ji ba? Baba ne.” Babansa da ya rasu tun ina amarya. Wai yana ce masa ya cinye haƙƙin 'ya'yansa, duk lomar da ya kai baki haram ce. Ni ma na tsaya ina saurare kamar sakarya. Kurciya kawai ke kuka.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Kaji. Kullum ƙarƙashin rumbu suke wuni suna tsattsaga. Me kaza ke nema ƙarƙashin rumbun da babu kome? Na yi istigfari na kawar da kai. Duk da haka na kira ƙanensa Saminu, mai kabu-kabu a Dungas, na ce ya zo.

Laraba, 24 ga Afrilu
Saminu ya bar aikinsa ya zo, Allah ya yi masa albarka. Ya durƙusa ya ce, “Yaya, ka yi mini izini in hau.” Malam ya juya fuska bango. Saminu ya hau, ya ɗaga jinka, ya leƙa. Sai ya ce, “Matar Yaya, zo ki gani.” Na ce ni ba na leƙawa. Sai ya jefo dami. Ya sake jefo wani. Ya ce cike yake har wuya.

Gaskiya haushi ne ya fara kama ni. Akuyata! Har na buɗe baki zan yi magana. Sai Saminu ya zaro zangarniya ɗaya ya sa wa yayansa a hannu. Malam ya murza, tsaba na zuba a cinyarsa, fara tas. Ya ce, “Toka ce. Duk ya ruɓe, kamar cikina. Jandarma na nan tafe su kama ni, ku bari su tafi da ni.” Ya fashe da kuka gaban ƙanensa.

Nan haushina ya mutu. Ashe ba ƙarya ya yi mini ba, ba ya gani ne. Ni kuma da ke gani, ba ni da ikon dubawa. Haka muka zauna da yunwa kusa da cikakken rumbu.

Jumma'a, 26 ga Afrilu
Mata sun cika gida. Wannan ta ce iska, waccan ta ce sammu, har da mai nuna mini gidan da aka yi shi. Liman ya kawo rubutu da kansa, ya ce, “Addu'a muna yi, amma ku kai shi likita. Wanda ba ya cin abinci ba a jira da shi.” Ban san sanda na ce amin da ƙarfi ba.

Saminu ya kwashe maganin ƙwarin wake da igiyar guga ya kai maƙwabta. Na gane, tsoro yake kar yayansa ya cutar da kansa.

Laraba, 1 ga Mayu
Damagaram, babban asibiti. Majo, shugaban asibitin garinmu, shi ya ba mu takarda zuwa nan. Mu uku kan babur har Magariya, Malam a tsakiya ina riƙe da shi, sannan muka shiga mota.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani. In ya yi zurfi, mutum kan ji muryar da babu, ya yarda ya talauce ko ya yi laifin da bai yi ba, kuma gardama ba ta fid da shi. Ta ce yana kama manya masu hankalinsu, kuma yana da magani. An ba shi gado. Sai ta juyo ta ce, “Ke fa, Hajiya, kina samun barci?” Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara mata ba, kuka ya hana ni. Ba wanda ya tambaye ni wannan sai ita.

Lahadi, 5 ga Mayu
Ya sha kunu rabin kofi. Alhamdu lillahi.

Talata, 21 ga Mayu
Mun dawo gida. Ƙwaya safe da yamma, a hannuna yake karɓa. Barci ya yi masa yawa, hannunsa na ɗan rawa, likita ta ce mu gaya mata in mun koma. Ya ce muryar tana nan amma ta yi nisa, kamar rediyon maƙwabta. Ni dai lallaɓa shi nake yi. To Malam, sannu Malam. Ko tsawa ba na yi wa yara, har sun fara raina ni.

Litinin, 10 ga Yuni
Hatsin da Saminu ya fiddo ya ƙare. Malam ya tsaya gindin rumbu ya daɗe. Sai ya ce, “Ɗela, hau ki duba mini. Ban yarda da idona ba tukuna.” Na ce, ni? Ya ce ke. Shi ya riƙe mini tsani. Da girmana da ƙibata, na ɗaure zane na hau. Ƙanshin hatsi ya buge ni. Na ce, “Akwai, Malam. Har iri akwai.” Ya ce, “To na yarda da naki.” Maƙwabciyata ta hango ni ta kan danga ta riƙe baki. Ta riƙe da kyau.

Asabar, 22 ga Yuni
An yi ruwan shuka. Ya ɗauki sungumi ya bi yara gona, ya dawo da laka har gwiwa. Ya zauna ya cinye malmala biyu, ya suɗe hannu, sannan wai miyata ba gishiri. Ba gishiri! Na ce to gobe ya shiga madafa ya kaɗa da kansa, tunda ya ƙware. Ya ce tun da ya auro ni hannuna bai san gishiri ba. Na ce amma ai ba a ga saura a kwano ba. Muka yi ta yi har yara suka leƙo suna dariya.

Sai da nake wanke kwanoni na ga hannuna ya tsaya cikin ruwa. Ban san me ya sa ba. Gajiya ce.

Miyar nan da gishirinta, sharri ne kawai irin nasa. Gobe dai zan ƙara kaɗan.