Hoton Kofi Yana Cikin Durowa

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar babanka ta yi sauƙi, har yana takawa zuwa bakin titi ba sanda. Auta tana nan da karatunta da bakinta. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko, sai ka ce yara suna jiranka a fili.

Hoton da ka aiko ya iso. Na gan ka a tsakiya riƙe da kofi, 'yan wasanka sun kewaye ka, kowa haƙora a waje. Mun ji cewa tun farkon kakar wasa babu ƙungiyar da ta doke ta kwalejinku, har ana maganar ƙara maka girma. Babanka ya ɗauko guduma da kansa ya buga ƙusa a bangon falo. Ni na hana a rataya, kuma zan gaya maka dalili.

Dogo ya dawo gida. Ɗan maƙwabciyarmu Mai Ɗinki nake nufi, mai tsaron ragar ƙungiyarka, wanda ke durƙushe a gabanka cikin hoton. Ya sauka da jakarsa da katifarsa, hannunsa na dama rataye a wuya. In ka manta yadda aka yi ya bi ka, ni ban manta ba. Uwarsa ba ta so, ta ce shi kaɗai gare ta tun rasuwar ubansa. Kai ka roƙe ni in je. Na zauna a kan bencin shagonta, ta tsayar da keke tana saurarena, na ce mata ɗana malami ne kafin ya zama koci, karatu zai sa a gaba, ƙwallo ta biyo baya. Da bakina ta yarda, ba da naka ba.

Yaron bai kai ƙararka ba, kada ka zarge shi. Ni na titsiye shi a tsakar gida, kansa a ƙasa, sai da na yi ta jan maganar kafin ta fito. Ya ce a wasan kusa da na ƙarshe aka take masa wuyan hannu. Nas ɗin kwaleji ta ce kada ya ƙara taɓa ƙwallo sai an duba ƙashin. Kai kuwa ka ce a ɗaure da bandeji a rufe da safar hannu, wasa ɗaya ne ya rage, ya daure. Ya daure ɗin, har ya kama fanaretin da ya ba ku kofi. Da jarrabawa ta zo a satin da ya biyo baya, hannun da aka yi ta tafa wa ya kasa riƙe biro. Ya gwada da hagu, rabin takardunsa fari fat ya miƙa su. Da ya je ofishin jarrabawa neman a sake ba shi dama, aka ce masa wanda ya tsaya a raga ranar Asabar ba zai zo da ciwo ranar Litinin ba. Sun sallame shi daga kwalejin. Likita a nan ya ce ƙashin ya tsage tun ranar da aka take shi.

Har yanzu yana kare ka. Cewa ya yi koci ba shi da laifi, shi ma yana son wasan. Wane yaro ne ba ya so? Don haka aka ajiye babba a kansa.

Jiya uwarsa ta shigo kawo mini ɗinkina. Ta gaishe ni, ta yi mini barka da kofin ɗana, ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Da na buɗe baki zan yi maganar Dogo, sai ta ce ƙaddara ce, ta juya zancen zuwa hannun riga. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Yanzu in zan fita kasuwa sai in zagaya ta bayan layi, don kada in gan shi zaune a shagon yana riƙe mata yadi da hagu. A shekaruna ban taɓa ɓuya wa maƙwabci ba sai yanzu.

Ga abin da nake so. Ka je wurin shugaban kwaleji da ƙafarka, ka gaya masa nas ta hana, kai ka sa yaron ya buga. Ba a rubuce ta hannun wani ba, ba kuma da kwana-kwana ba. In suka ji daga bakinka, za su iya barinsa ya sake zama jarrabawar. Na san hakan zai iya jawo maka rasa ƙarin girman, wataƙila har da ƙungiyar. Babanka ya ce in yi a hankali, kada in rushe maka abin da ka gina. Na ce masa ban haifi ɗan da zai yi gini a kan hannun maraya ba.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce na gode da turaren. Ka shafa mini kan angona mai giɓi, ka gaya masa in bai zo hutu ba zan canza miji. Babanka da Auta da kawunka direba duk suna gaisuwa.

Ƙusar tana nan a bango, ban cire ba. Hoton yana cikin durowa, na kife shi. Ranar da Dogo ya ɗauki katifarsa ya koma makaranta, ni da hannuna zan rataya shi.

Allah ya shirya mini kai, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.