Makulli ɗaya na Maman Ngozi

Talata, bayan isha'i

Yau sai da na yi da-na-sanin barin Abuja mu dawo Suleja, alhali wurin aikina na can. Tirela ta faɗi a Gauraka, motarmu ta maƙale, wayata ta mutu. Ga 'yata Hanifa ta taso makaranta, makullin ɗaki kuma yana jakata. Babu addu'ar da ban yi ba.

Na shigo gida a guje, sai maƙwabciyata Maman Ngozi ta ɗaga labulenta. "Maman Hanifa, a hankali, barci take." An yi mata wanka, har da kitso. Tuwon da ta ci ma wajen Hajiya mai gidanmu ta karɓo, wai don kada in yi kokwanton naman miyarta.

A Abuja ko sunan maƙwabciyata ban sani ba. Alhamdulillahi. Gobe zan yanka wa Maman Ngozi makulli.