Tanon da Ka Kankare

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fata ƙasa ta yi maka sauƙi. Ni ce Hajara, autarku, daga gidan gabas da rijiya a ƙauyenmu na ƙasar Cadakori. Wata bakwai ke nan da aka kai ka makwanci. Na san matacce ba ya karɓar wasiƙa, shi ya sa na ajiye ta inda rayayyu za su gani. Su karanta ɗin, ai su ma sun sha ruwan.

Ran jana'izarka liman ya aiko cikin gida a tambayi mata ko akwai mai riƙe da kai a zuci. Ni na fara buɗe baki. Na ce na yafe duniya da lahira, na yi ta faɗa har muryata ta dishe. Kan wannan maganar na zo maka yau.

Shekara ashirin da wani abu kana can arewa, bayan Agadas, cikin ramin yuraniyom. Mu nan ba mu san ko mene ne shi ba, mun dai san yana aiko mana da shinkafa da salla. Da aka ce za a rufe ma'adinin, aka sallami mutane da yawa, kai aka bar ka cikin masu wargaza wurin. Kana kiran waya kana ba mu labari da alfahari: a yanka tiyo, a kwance tankuna, a kara wa kowane ƙarfe wata na'ura. Wanda ta yi shiru a kansa a sayar. Wanda ta yi ƙara a kansa a mai da shi cikin rami a rufe da ƙasa da duwatsu, don akwai gubar da ido ba ya gani a jikinsa. Iya nan kake tsayawa. Ba ka taɓa faɗa mana yadda ake gane na binnewa bayan an gama gwadawa ba.

Ka dawo bisa kamyo, babbar motar kaya, kana tari, ƙarafa a bayanka. Rabin tanki ka sa aka girka bakin rijiya ya zama komin ban ruwa, ka ce sadaka ce mai gudana, ladanta na bin Inna har kabari. Ardo Bello, wanda shanunsa ke shan ruwa nan tun zamanin Baba, ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a har da hawaye. A gefen komin akwai jan fenti, layi biyu a gicciye. Da aka tambaye ka, ka yi dariya ka ce shaidarka ce, kamar yadda makiyaya ke yi wa dabbobinsu.

Ni kuwa tano ka ba ni, babbar gangar ƙarfe mai kauri, ta ajiyar ruwa. Ka buga shi da tafin hannu ka ce, “Auta, wanga ko jikokinki ba su ganin ƙarshenshi.” Na yi fankama da tanon nan, Allah ya sani. Duk matar da ta shigo sai na nuna mata, in ce wana ne ya kawo mini daga arewa. Damina uku ina cika shi. Da ruwansa na dama kunu, da shi na yi wa ɗiyata Nana wanka, ita da ta buɗi ido ta gan shi tsakar gida.

Bayan sadakar arba'in ɗinka Malam Idi na Agiye, abokin aikinka, ya zo ta'aziyya a makare. Ya je rijiya zai yi alwala, ya ga jan fentin, ya ajiye buta ya ja da baya kamar ya taka maciji. Ya ce, “Wa ya kawo wannan nan? Na binnewa ne!” Ya ce alamar nan ita ake yi wa ƙarfen da na'ura ta yi wa ƙara. Ya ce kai ne ma mai shafa ta, da hannunka.

Na zage shi, Yaya. Baƙon da ya zo gaisuwar mutuwarka, na ce masa munafuki, mai yi da wanda ƙasa ta rufe wa ido. Na ce masu lodi ne suka yi kuskure. Ya sunkuyar da kai, ya hau babur ɗinsa ko fura bai sha ba. Amma shi ya kai maganar buro, ofishin hukuma a Maradi.

Mutum biyu suka zo da na'urar. Da aka kara ta jikin komin sai ta kama ƙara kamar ana soya fara. Suka kankaro wani ɓawo mai ruwan ɗorawa daga ciki suka sa a kwalba. Suka ce abin ba ya kashewa yau ko gobe, amma ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, kuma mu da jikokin jikokinmu duk zai ga bayanmu. Kada a yanka, kada a kai wa maƙeri, a nisanta shi da mutane a kewaye da ƙaya, mota za ta zo ta mai da shi inda ya fito. Motar har yau tana hanya.

Ka so ka ga garinmu ran nan. Mutanen da suka yi maka addu'a su ne suka riƙa tofar da yawu in an ambaci sunanka. Ba wanda ya yarda a jefar da komin kusa da gonarsa. Mai gari ya yanke cewa wanda ya kawo, ƙasarsa ta ɗauka. Da shanun huɗa aka ja shi zuwa gonarka ta ƙarƙashin gawo, wadda ka saya wa ɗanka Lawali. Bana ko ƙwayar gero bai jefa a cikinta ba, don ya san ba mai ci. Matan Ardo Bello kuwa sun yi kasuwa uku a Cadakori suna mai da nononsu gida, daga baya suka tashi da shanunsu suka yi yamma. Su me suka yi?

Duk wannan ina nan ina kare ka. Tanona ba shi da jan fenti, shi ne hujjata. Sai da mutanen Maradi za su shiga mota na ce su ɗan gwada shi, don kawai in rufe bakin mutane. Ƙarar da ya yi ta fi ta komin. Ko a lokacin na ce a raina, to, bai sani ba, tunda ba alama.

Da muka zubar da ruwan muka kife shi za mu gangara, sai ga gindinsa. Wuri ɗaya an goge shi tas da dutse, layi biyu a gicciye, da sauran ja maƙale cikin lungun walda inda dutsen bai kai ba.

Zama ka yi ka kankare. Abin da ke cina ke nan. Aikin nan ba na ƙiftawar ido ba ne, ka samu lokacin da za ka tuna wa za ka ba. Sai kuma abubuwa suka riƙa dawo mini. Shekara uku kana shigowa gidana, ba ka taɓa kurɓar ruwana ba, kullum ko kana azumi ko yanzu ka sha. Ran da Nana ta kawo maka a moɗa da hannu biyu, ka karɓa ka ajiye ƙasa, ka shafa kanta ka sa mata albarka. A gidanka kuwa randunan ƙasa ne jere.

Na nema maka uzuri har na gaji. Na ce kunya ce, mutum ya yi shekara ashirin a waje ba ya son dawowa hannu rabbana. Na ce ka shaƙi abin tsawon rayuwarka kana tsaye, sai ka ɗauka tsoron Nasara ne kawai. To in haka ne, me ya hana ka sha?

Kai ne fa ka riƙa ɗora ni a wuya zuwa kasuwa, ka saya mini alewa ka ce kada in faɗa wa Inna. Kai ka tsaya aka bar ni lakol ina karatun boko bayan rasuwar Baba, da ba don kai ba ko wannan wasiƙar ba zan iya rubutawa ba. Ina kewarka, kuma ina jin haushin kaina da nake kewarka.

Nana tana ramewa. Na kai ta Maradi sau biyu, likita bai ce tanon ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Jiya ta tambaye ni ina aka kai tanon Kawu, wai ruwan randa bai kai nasa sanyi ba.

Allah ya jiƙan ka, Yaya Sani. Allah ya haskaka kabarinka, ya raba Inna da wannan sadakar, ya ba Nana lafiya, ya buɗa wa Lawali wata ƙofa. Allah mai gafara ne, shi ya fi ni. Amma yafiyar da na yi ran jana'iza, wan da na sani na yi wa. Wanda ya zauna da dutse yana goge gindin tano, shi ban yafe masa ba tukuna. Ka jira, kamar yadda muke jiran motar.

Autarka,
Hajara