Tabarmar Saratu

Agadas, daren Lahadi, 1964

Yau na fara karatu a gaban jama'a a coci, ayar makiyayi da garkensa. Ban yi tuntuɓe ba, amma babu kowa a tabarmar Saratu, wadda ta koya mini baƙaƙen nan. Tun da mijinta ya koma masallaci, sai na hana 'yata Ladi zuwa gidanta, don tsoron kada a janye mini 'ya. Sauran mata suka bi bayana, har Saratu ta daina zuwa coci.

Fasto ya bar mu zaune, ya tafi kiranta cikin rana. Ya dawo shi kaɗai, ya ce, "Uwar Ladi, tana tambaya ko har yanzu b da d suna rikita ki."

Suna rikita ni. Ubangiji, gafarta mini. Gobe zan je, da Ladi a hannuna.