Naman da Alhaji Mudi Bai Ci Ba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar taki, da mutanen Djougou baki ɗaya? Mu nan Parakou lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Alhaji Mudi, waliyyin yarinyar da ɗana Sani ke nema, ya zo daga wajenku ranar Asabar. Ni sarkin wayewa, maimakon tuwon gida, sai na kai shi gidan bogan nan na unguwar Banikanni, inda ake cusa niƙaƙƙen nama cikin burodi. Sani ya rantse ko a Kwatano babu irinsa. Uwarsa kuwa ta ce ƙwalama ce kawai.

Alhaji ya ɗaga burodin, ya ga naman jajir a tsakiya. Ya ce, "Malam Habu, murhun gidanku ne ya mutu, ko nasu?" Ruwa kaɗai ya sha, ya hau mota.

Yau kwana shida bai ɗauki wayata ba. Sani ya daina cin komai, har bogan. Ina tsoron kada maganar auren ta rushe saboda ni.

Don Allah, Yaya, ki je gidansa, yana jin nauyinki. Ki tafi masa da farfesun nan naki, ki bar shi ya dahu lugub. Ki sa mu a addu'a, ki gaida Malam da yara.

Ƙaninki,
Habu