Fatihu da Gonar Aro

Litinin, 3 ga Yuni
Na dawo Minjibir da aikin da Malam Kamaruddeen ya ɗora mana a kwaleji: sharhi kan Fatihu, ɗan ƙwadagon da ya shiga soja a wani labarin yaƙin basasa, ya kuma gudu daga fagen fama. Shafi huɗu na rubuta, duk a kan kalma ɗaya: matsoraci. Haushinsa nake ji kamar na san shi.

Laraba, 5 ga Yuni
An yi ruwan shuka. Kowa ya nufi gonarsa, Baba kuwa ya saɓi fartanya ya tafi ta mutane, kamar kullum. Mu ko taƙi ɗaya ba mu da shi, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini dalili.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na karanta wa Kaka Mika'ilu sharhin, tunda shi ya yi yaƙin har ƙarshe. Na zaci zai yaba. Sai ya ce, "Khaulat, a wane wata yaron ya gudu?" Na ce farkon damina. "Gonar uban nasa, gado ce ko aro?" Na duba littafin. Aro ce, layi ɗaya tal, ni ma tsallake shi na yi.
Ya ce, "To, shuka ya tafi yi. Gonar aro in ta kwana damina ba shuka, mai ita karɓe abarsa yake."
Ya juya fuska bango. Ban ji daɗi ba.

Asabar, 8 ga Yuni
Gwaggo Maimunat ce ta fasa mini ƙwan, muna surfe. Gonar bakin rafi da Baba yake wa ƙwadago yau, a da a hannunmu take tun kakan Kaka, aro. Damina uku Kaka yana bakin daga, ba mai nomawa. Ya dawo da lambar yabo, ya tarar da gyaɗar wani a ciki.
Shekara hamsin da ɗoriya muna biyan jarumtarsa. Lambar tana cikin gwangwani, ta yi tsatsa.

Lahadi, 9 ga Yuni
Ban taɓa sharhin ba.

Talata, 11 ga Yuni
Gobe za a miƙa aiki. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, kalma ɗaya kawai na goge, sai sauran shafukan suka ƙi tsayuwa, dole na sake su.
Na kai wa Kaka fura da kaina. Ya ce, "Yaron nan, ya samu shukar kuwa?" Marubucin bai faɗa ba. Na ce masa ya samu.