Katin Hoton Nan da Ciwonsa Aka Sayar Mini

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu sayar da kayan kwamfuta na cikin birnin Kano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, Alhaji, ni ne Haruna Badafi, malamin lissafi a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wada. Na zaɓi in yi maka magana ta jarida ne domin na zo ofishinka, na zauna a benci tun hantsi har la'asar, aka ce kana taro. Da na sake dawowa, sakatarenka ya ce an riga an yanke hukunci. Tunda an yanke ba a ji ta bakina ba, to yanzu sai a ji tare da kowa.

Na farko, asalin maganar. Kwamfutar da ke ɗakina da hannuna na haɗa ta. Kayanta ɗaya bayan ɗaya na saya: akwati, babban allo, ƙwaƙwalwa, fanka. Abu na ƙarshe shi ne katin hoto, wato ɗan allon da ke aika rubutu da hoto zuwa gilashin kallo. Bayan Babbar Sallah na saye shi a shagon wani ɗan ƙungiyarku. Na san tsohon yayi ne, na san na hannu ne, ban yi gardama a kan wannan ba. Tambaya ɗaya na yi wa mai shagon: an gwada? Ya ce, "Malam, da hannuna na gwada, lafiyarsa ƙalau." A kan wannan magana na ɗauka.

Na biyu, abin da katin ya yi. Idan aka kunna da sanyin safiya, komai tas. Da zarar ya ɗauki zafi sai layuka kore su sauko daga sama zuwa ƙasa, haruffa su kakkarye, daga nan gilashi ya yi baƙi. Wani lokaci kwamfutar ko tashi ba ta yi, sai dai kuka mai tsawo da gajeru. Ban ruga na ɗora wa kowa laifi ba, kaina na fara tuhuma. Na zare katin, na goge haƙoransa da roba ta goge fensir, na mayar. Na sauya masa gurbi. Na sake ɗora manhajarsa daga faifai. Na aro wani gilashin daga Kiru, ko nawa ne mai ciwo. Layukan suka bayyana a kansa shi ma. Na zargi wutar lantarkinmu mai hawa da sauka, na bi layin mai a wannan tsananin, na tayar da janareta: duk ɗaya. Da na buɗe akwatin na saita masa fankar tebur, sai ya ƙara jimawa kafin ya rikice, na gane zafi ne ke tono ciwon.

Daga nan na naɗe katin a hankici na hau mota zuwa Doguwa, wurin abokina Malam Buba, ma'aikacin lafiyar dabbobi, wanda ke da kwamfuta a wurin aikinsa. Ba haɗin gida ba ce, sukutum aka kawo ta daga kamfani. Muka sa katina a cikinta. Kafin mu gama shan furar da aka kawo mana, layuka kore sun cika gilashi. Muka ɗauko nasa katin muka zo da shi Tudun Wada, muka sa a tawa. Ta wuni tana aiki ba ko ɗigo. A nan ne Malam Buba ya ɗaga wata takarda da aka manna a bayan katina. Ƙarƙashinta ga tabon ƙuna, ga sawun dalma inda wani ya taɓa liƙe ƙafafun wani ɗan ƙarfe. Ni ban mallaki abin narka dalma ba, kuma takardar tana ɗauke da hatimin shagon.

Na uku, yadda aka karɓe ni. Na koma shagon da katin, na yi sallama, na yi bayani a hankali. Mai shago bai ko juya katin ya duba ba. A gaban mutane ya ce, "Kai ka haɗa da kanka, a ƙauye, sannan ka zo kana neman mai laifi?" Aka yi dariya. Na haɗiye, na kawo ƙara wurinku. Hukuncin da sakatarenka ya karanta mini shi ne wai duk kwamfutar da ba ɗan ƙungiya ne ya haɗa ta ba, babu alhakin kayanta a kan mai sayarwa. Alhaji, in haka ne, me ya sa kuke sayar da kayan a warwatse? Wa kuke tsammanin zai haɗa su?

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Iyayen ɗalibanmu manoma ne da makiyaya da masunta. Da yawansu, kamar iyayena, ruwan madatsar Tiga ne ya tashe su daga garuruwansu. Daga albasar rani da kifi da kuɗin nono suka yi karo-karo domin 'ya'yansu su taɓa kwamfuta kafin su bar makaranta. Suka amince in sayo kaya in haɗa a gaban ɗalibai, su ga cikinta, su daina jin tsoronta. Sai ga shi mai shagon nan ya tako har Tudun Wada, ya samu shugaban ƙungiyar iyaye, Alhaji Sale, ya gaya masa wai na ƙona tawa saboda rashin sani, gara a sayi haɗaɗɗiya daga wurinsa. Alhaji Sale dattijo ne mai tsoron dukiyar jama'a. Ya kira ni ya ce, "Malam Haruna, ban ƙaryata ka ba, amma amana ce a wuyana. Mu dakata." Ban ga laifinsa ba. To amma yanzu aiki ya tsaya, kuma a kasuwa ana nuna ni da baki.

Makon jiya aka aiko mini da saƙo cewa za a ba ni wani katin a asirce, muddin na yarda a gaban Alhaji Sale cewa kuskurena ne. Ga amsata, kuma a fili nake bayar da ita: ban yarda ba. Ku riƙe katinku. Ba zan sayi kati da mutuncina ba, ba kuma zan tsaya gaban ɗalibai ina koya musu tabbatar da amsa da hujja ba alhali na sa hannu a kan ƙarya.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa. Ka sa mai shagon ya zo ya janye maganarsa a gaban wanda ya gaya wa. Ku soke wannan doka da ke mayar da duk mai haɗa kwamfuta da kansa mai laifi tun kafin a duba. Kuma duk kayan da aka taɓa gyarawa, a faɗa wa mai saye. Wanda ya ga zai iya, ya ɗauka da saninsa.

Sannan ina gayyatarku. Ranar kasuwar Tudun Wada ta farko bayan an dawo daga hutu, bayan azahar, zan ajiye tebur a ɗakin taron makarantarmu. Iyaye za su zo, Malam Buba zai zo. Ku kawo kwamfutar da kuka fi amincewa da ita, wadda ku kuka haɗa, ku sa katin nan da hannunku, mu zauna mu jira ya yi zafi. In gilashi ya tsaya tas, zan miƙe in nemi gafararku a gaban kowa, in cire hannuna daga aikin makaranta. In layuka suka sauko, kun san wanda zai miƙe.

In kuma ba ku zo ba, teburin zai kasance a wurin, zan sa katin a kwamfuta in kunna, jama'a su gani da idonsu, su kuma ga kujerun da aka ajiye muku.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci kasuwarku, Ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan naka ne.

Wassalam.

Naka,
Malam Haruna Badafi,
Tudun Wada.